Ƙasar Sanyinna: Hotunan Da Ba A Rataye A Bango Ba

Yawancin masu karanta wannan jarida tamu suna zaune a wuraren da ekklesiya ta daɗe da kafuwa. Ran Lahadi da safe suna jin ƙararrawa. 'Ya'yansu suna zuwa makarantar Lahadi, malama ta ɗaga hoton Yusufu da rigarsa, ko na Dauda da majajjawarsa, yara su duba su gane. A wasu majami'u akwai babban gicciye a gaba, a wasu har da siffofin tsarkaka da tagogi masu launi.

Amma akwai 'yan'uwanmu da ke zaune inda waɗannan abubuwa suke da wuyar gani. A kudancin Jihar Sakkwato, cikin ƙasar Tambuwal da Kebbe, mutum ya iya wuce ƙauyuka da yawa bai ga ginin majami'a ba. To, uba da uwa masu bi waɗanda aiki ya kai su can, da me za su nuna wa 'ya'yansu bangaskiya? In maƙwabci ya ga hoto a ɗakinsu ya ce gunki ne, me za su amsa masa? Waɗannan tambayoyi ne suka sa muka ɗauki hanyar Sanyinna, gama Hausawa sun ce gani ya kori ji.

Hanya daga Sakkwato

Tafiyar daga birnin Sakkwato take farawa, birnin da Muhammadu Bello ya kafa a 1809, inda kuma mahaifinsa Shehu Usmanu ɗan Fodiyo ya rasu a 1817. Har yau mutane suna zuwa daga nesa su ziyarci Hubbare, inda kabarin Shehu yake. Duk wanda zai zauna a wannan ƙasa ya kamata ya san wannan tarihi, don shi ne abin alfaharin mutanenta.

Daga tasha mota takan miƙa kudu maso yamma, bisa babbar hanyar da ke zuwa Jega. Da fari a wuce Boɗinga. Kusa da ita Sifawa take, inda Shehu ya zauna 'yan shekaru kafin ya koma Sakkwato a 1815. Gaba kuma sai Shagari, garin Alhaji Shehu Shagari, wanda ya shugabanci Nijeriya daga 1979 zuwa 1983, can kuma aka binne shi a 2018. Daga nan sai Dogon Daji, sa'an nan Tambuwal, kimanin kilomita 100 daga Sakkwato. Tun zamanin jihadi Tambuwal gari ne na tsaro, inda Muhammadu Buhari ɗan Shehu ya zauna. A zamaninmu kuwa sunan garin ya ƙara fita ta wurin Aminu Waziri Tambuwal, wanda ya yi Kakakin Majalisar Wakilai daga 2011 zuwa 2015, ya kuma yi gwamnan Sakkwato daga 2015 zuwa 2023.

Sanyinna tsohon gari ne a cikin ƙaramar hukumar Tambuwal. Kebbe kuwa maƙwabciyarta ce, su biyun ɗan majalisar wakilai ɗaya suke aikawa Abuja. Kada mai karatu ya rikita Kebbe da Jihar Kebbi. Kebbe tana cikin Sakkwato, ko da yake tana iyaka da Kebbi da Zamfara, jihohin da aka yanka daga tsohuwar Jihar Sakkwato a 1991 da 1996.

Mun je ne bayan kaka, hunturu ya fara busawa, hazo ya rufe nesa. Gonaki sun koma kara, awaki suna yawo a ciki ba mai kora. Jakuna ɗauke da damman gero da dawa suna bin gefen hanya, wani lokaci raƙumi ya gifta yana taƙama. Inda fadama take sai ka ga kore shar, masu noman rani suna ba albasa ruwa.

Mutanen ƙasar Musulmi ne, manoma da makiyaya da 'yan kasuwa, masu karɓar baƙo. Inda muka tsaya neman ruwa, wani dattijo ya shimfiɗa mana tabarma. Muka ce, "Sannu da hutawa, Baba." Ya ce, "Lahiya lau, 'ya'yana, maraba da baƙi." Wanda ya saba da Hausar Kano zai ji bambanci nan da nan, gama a nan "lahiya" ake cewa, "me" kuma ya zama "mi". Bai tambaye mu addininmu ba sai da muka sha ruwa muka ƙoshi.

Masu bi da ke wannan yanki ba su da yawa, yawancinsu kuwa baƙi ne: malaman makaranta, ma'aikatan asibiti, 'yan sanda, masu sayar da magani ko kayan gyaran mota, da matasa masu yi wa ƙasa hidima. Saboda su ne, da 'ya'yansu, muka yi wannan tafiya.

Ƙasa mai kama da ta Littafi

Abu na fari da mai tafiya zai lura da shi, in ya saba da Littafi Mai Tsarki, shi ne ƙasar kanta tana ba da labarin da ke ciki. Yaron da ya girma a birni yana bukatar a zana masa rijiya kafin ya gane Farawa 24. Yaron Sanyinna kuwa ya san nauyin guga, ya san zafin igiya a tafin hannu. In aka gaya masa Rifkatu ta shayar da baƙo, ta kuma yi ta ɗebo ruwa tana zubawa a komi har raƙuma goma suka ƙoshi, shi ya san irin aikin da yarinyar nan ta yi, ya san dalilin da ya sa baran Ibrahim ya tabbata ita ce. Haka kuma labarin mace Basamariya cikin Yohanna 4, wadda ta yi mamakin mutumin da ba shi da guga yana alkawarin ba da ruwa.

Da yamma za ka ga ɗan Fulani da sandarsa a kafaɗa, yana gaba, shanu suna biye. Kowace saniya da sunanta, in ya kira ta ta ɗaga kai. Kai baƙo ka yi ta kira, ko kallo ba za ka samu ba. Wane mai zane ne zai bayyana Yohanna 10 fiye da wannan? Uwa ta tsaya da ɗanta a bakin hanya, ta nuna masa, ta gaya masa haka Makiyayi Mai Kyau ya san nasa, nasa kuma sun san muryarsa.

Bayan girbi akan ga tsofaffin mata da gwauraye suna kala a gonaki, suna tsintar zangarniyar da masu yanka suka bari. Aikin da Rut ta yi ke nan a gonar Bo'aza, Shari'ar Musa ma ta umarci mai gona kada ya kwashe kome da kome, ya bar rabon matalauci da baƙo. A masussuka mata suna shiƙa, iska ta kwashe ƙaiƙayi, tsaba ta zube a ƙasa. Da wannan ne Yohanna Mai Baftisma ya kwatanta shari'ar da ke zuwa. Ga rumbuna tsaye a bayan gida, cike da hatsin bana, suna tuna mana da mai arzikin nan na Luka 12, wanda ya yi shirin rushe rumbunansa ya gina manya, bai san a daren nan za a karɓi ransa ba.

Shuka kam ta ɗan bambanta. Manomin gero da sungumi yake sara, ya jefa iri a rami, ya take da diddige. Wanda yake so ya ga mai shuka irin na Markus 4, wanda iri ke faɗa masa a hanya da kan dutse da cikin ƙaya, sai ya je fadama ya ga yadda ake yafa shinkafa.

Shiga cikin gari ka dubi soraye. An jera azara, an shimfiɗa zana ko kara, an zuba ƙasa an daɓe. Irin wannan rufi ne mutane huɗu suka buɗe a Kafarnahum, suka zura abokinsu shanyayye gaban Yesu. Wanda ya san wahalar gyaran soro kafin damina ya san bangaskiyar mutanen nan ta ci kuɗi. A kasuwa kuma dubi mai awo. Wani ya cika mudu ya girgiza, ya ƙara har ya yi tsororo. Wani kuwa ya shafe baki da hannu. Ubangiji ya yi magana a kan mudun nan cikin Luka 6, ya gargaɗe mu cewa da irin awon da muka yi wa mutane za a yi mana.

Shi ya sa lokacin da Likita Mila na Zariya da abokan aikinsa suka gama juya dukan Littafi Mai Tsarki da Hausa, aka buga shi a 1932, ba su sha wahalar neman sunan rijiya ko rumbu ko garke ba. Kalmomin suna nan a bakin manoma. An sake sabuwar fassara wajen 1980, wasu kuma sun biyo baya. Iyalin da ke da Littafin nan a ɗaki, da ƙasar nan a ƙofar gida, ba su rasa hotuna ba.

Hoton da aka fara gani a Amanawa

Mai karatu zai tambaya, me ya sa bishara ta makara zuwa wannan yanki? Turawa sun ci Sakkwato a watan Maris na 1903. A lokacin Gwamna Lugga ya yi wa sarakuna alkawari gwamnati ba za ta taɓa addininsu ba. Saboda haka shekara da shekaru aka hana 'yan mishan buɗe tasha a ƙasashen sarakunan Musulmi. Mishan ɗin SIM, wadda mutanenta uku na fari suka sauka Ikko a 1893 da nufin kaiwa ƙasar Hausa, ta rasa biyu daga cikinsu, Gowans da Kent, a 1894. Waɗanda suka biyo baya sun daɗe suna jira a bakin ƙofa.

Ƙofar da ta buɗe, ba wanda ya zaci ita ce. A shekarun 1930 gwamnati da En'e suka ga cutar kuturta ta fi ƙarfinsu, aka yarda SIM ta riƙe wuraren jiyyar masu cutar: Yadakunya a Kano, Babbar Ruga a Katsina, da Amanawa a ƙasar Sakkwato, wajen Dange da Shuni. Daga ƙauyuka masu nisa aka riƙa zuwa Amanawa, mutanen da dangi suka ware wa ƙwarya da tabarma. A can suka tarar da masu wanke gyambo da hannunsu, suna ɗaure shi, suna zama su yi hira da mai shi. A farkon aikin babu magani mai ƙarfi. Sai wajen ƙarshen shekarun 1940 aka sami ƙwayar da ke tsai da cutar, a 1981 kuma Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar haɗa magunguna, waɗanda ke warkar da ita sarai. Tun 1995 kyauta ake ba da su ko'ina a duniya. A shekarun 1970 gwamnati ta karɓi asibitocin mishan, asibitin Amanawa kuwa yana hannun jiha.

Ashe hoton Kristi na fari da mutane da yawa na ƙasar Sakkwato suka gani, hannu ne a kan gyambo. Markus 1 ya nuna mana Yesu ya miƙa hannu ya taɓa kuturu, alhali da magana kaɗai zai iya warkar da shi. Wasu daga cikin waɗanda aka yi jiyyarsu sun ba da gaskiya, sun koyi karatu, sun zama masu ba da magani da masu bishara. Da yawa sun koma gida da addininsu na dā, amma da labarin alherin da aka yi musu.

Ekklesiya a duniya tana da wani waliyyi da ake tunawa da shi saboda irin wannan aiki. Fada Damiyan, mutumin Beljiyam, ya tafi tsibirin Molokai na ƙasar Hawai a 1873, ya zauna tare da waɗanda aka kore can saboda kuturta. Ya gina musu gidaje, ya haƙa musu kabari, har shi ma ya kamu, ya mutu a 1889. Ekklesiyar Katolika ta sa shi cikin waliyyai a 2009. Siffarsa da aka kafa a ginin majalisar Amurka ba ta ɓoye tabon cutar a fuskarsa ba. Mai sassaƙar ta gane cewa tabon nan shi ne kyansa.

Kalanda a bango

A wani gidan masu bi da muka sauka a yankin Tambuwal, abin da ke bango bai wuce kalandar ekklesiya da ɗan gicciyen itace ba. A kalandar akwai hoton Yusufu da Maryamu da Jariri a kan jaki, suna gudu zuwa Masar. Uwargidan ta ce 'ya'yan maƙwabta sukan tsaya su duba, wata rana kuma ɗaya ya tambaye ta ko wannan ne abin da suke yi wa sujada. Tambayar ba ta raini ba ce. An koya wa yaron cewa shirka ita ce babban zunubi, yana kuwa so ya sani.

Mu kanmu masu bi ba bakinmu ɗaya ba a kan hotuna. 'Yan'uwa na ECWA da Baftis da wasunsu sukan bar majami'a fayau, sai bagade da Littafi, suna tunawa da doka ta biyu cikin Fitowa 20. 'Yan'uwa Katolika kuwa suna ajiye siffofin Ubangiji da na waliyyai. A Sakkwato aikinsu ya tsaya da ƙafarsa a 1953, a hannun fadojin ƙungiyar Dominikan daga Amurka, ya zama dayosis a 1964, da Bishop Edward Lawton a matsayin bishop na fari. Babbar majami'arsu sunanta Iyali Mai Tsarki, wato iyalin nan da ke kan kalanda.

Littafi Mai Tsarki ya ba mu ma'auni. Allah da ya hana sassaƙa gunki, shi ne ya umarci Musa ya ƙera kerubobi biyu a kan akwatin alkawari, ya kuma yi macijin tagulla ya ɗaga shi a jeji. Amma da Isra'ilawa suka fara ƙona wa macijin nan turare, Sarki Hezekiya ya farfashe shi, Littafi kuwa ya yaba wa sarkin. Karanta 2 Sarakuna 18. Watau abin da ke tunasar da mutum Allah yana da amfani. Ran da ya tsaya a wurin Allah, ya zama abin fashewa.

Akwai wani waliyyi da ya kamata kowane mai bi da ke zaune cikin Musulmi ya san labarinsa, shi ne Yohanna na Dimashƙu. An haife shi wajen shekara ta 675, a birnin da halifofin Banu Umayya suke mulki. Gidansu Kirista ne, amma kakansa da ubansa manyan ma'aikata ne a baitulmalin halifa. Daga baya ya bar birni ya shiga gidan masu zuhudu kusa da Urushalima. A zamaninsa Sarkin Rum Leo na 3, wanda shi Kirista ne, ya tashi yaƙi da hotuna a majami'u. Yohanna ya rubuta littattafai uku yana amsa masa, abin mamaki kuwa zamansa a ƙasar halifa ne ya sa hannun sarkin bai kai gare shi ba. Hujjarsa ita ce, Allah marar ganuwa ba mai iya zana shi. Amma tun da Kalma ya zama mutum, aka gan shi, aka taɓa shi, ya ci ya sha, ana iya zana abin da ido ya gani. Ya kuma raba tsakanin girmamawa da sujada, ya ce sujada ta Allah ce shi kaɗai. Ya rasu wajen 749, babban taron ekklesiya na Nikiya a 787 ya bi ra'ayinsa. Tun kafin wannan, wajen shekara ta 600, Paparoma Gregori Babba ya rubuta wa wani bishop a Faransa cewa kada a yi wa hoto sujada, kada kuma a fasa shi, gama shi ne littafin wanda bai iya karatu ba.

To, ga amsar da uwa za ta iya ba ɗan maƙwabci, ko wace ekklesiya take bi: ba ma yi wa takarda ko itace sujada, Allah ɗaya muke bauta wa. Hoton yana tuna mana da labari, kamar yadda hoton kakanka a bango yake tuna maka da shi. Sa'an nan ta ba shi labarin, gama sunan Maryamu da na Isa ba baƙi ba ne a kunnensa.

Wani abin lura kuma shi ne, yawancin kalandun da ke gidajenmu suna nuna Ubangiji da kamannin Bature. Wannan yakan ƙarfafa zancen masu cewa addinin Turawa muke bi. Alhali Yesu a Baitalami aka haife shi, bishara kuwa ta shiga Masar da Habasha tun Ingila ba ta da labari. A arewacin Kamaru, tun daga 1973, masu bi na ƙabilar Mafa suka riƙa kwaikwayon labaran bishara a ƙauyukansu, aka zana su cikin hotuna fiye da 60, da bukkoki da tuluna da duwatsun ƙasarsu. A Wusasa kusa da Zariya, majami'ar Waliyyi Bartalamawus da aka gina wajen 1929 ginin ƙasa ce irin na magina Hausawa, da bakan gizo a ciki. Ina matasanmu masu zane? Wa zai zana mana Rut tana kala a gonar gero, ko ɗa mubazzari yana dawowa ta ƙofar zaure?

Ranar da gilashi ya fashe

Ba za mu ɓoye wa mai karatu ba, zaman yana da nauyi. Ran 12 ga Mayu 2022 aka kashe wata ɗaliba Kirista, Debora Samuel, a Kwalejin Ilimi ta Shehu Shagari da ke Sakkwato, bisa zargin ɓatanci. Majalisar Sarkin Musulmi Muhammadu Sa'ad Abubakar ta yi tir da kisan. Bayan kwana biyu masu zanga-zanga suka farfasa tagogin majami'ar Iyali Mai Tsarki, suka kuma kai hari majami'ar Waliyyi Kevin, har gwamnati ta sa dokar hana fita.

Kafin wannan, ran 8 ga Janairu 2020, 'yan bindiga suka sace ɗalibai huɗu daga makarantar koyon aikin fada ta Makiyayi Mai Kyau a Kaduna. Uku sun dawo. Na huɗun, Michael Nnadi, ɗan shekara 18, ɗalibin dayosis ɗin Sakkwato, an kashe shi. Bishop Matthew Hassan Kukah ne ya yi wa'azi a jana'izarsa. Daga baya wanda aka kama saboda kisan ya gaya wa 'yan jarida cewa yaron bai daina yi masa wa'azin tuba ba.

Mu tuna kuma, ba mu kaɗai ke kuka ba. A shekarun nan 'yan bindiga sun addabi ƙauyuka da yawa a Sakkwato da Zamfara da Kebbi, yawancin waɗanda aka kashe ko aka raba da gonakinsu kuwa Musulmi ne. Maƙwabcin da ya rasa ɗa ko shanu yana bukatar mai zuwa gaisuwa. Gilashi in ya fashe a sayo wani. Abin tsoro shi ne zuciyar mai bi ta cika da ƙiyayya, har kamannin Kristi ya goge daga fuskarsa. Istifanas, shahidi na fari, da addu'a domin masu jifansa ya cika.

Abin da za mu riƙe

Farawa 1 ta koya mana cewa Allah ya riga ya yi wa kansa hoto, shi ne mutum. Manzo Bulus kuma ya kira masu bi na Koranti wasiƙa wadda kowa ke karantawa, ya kuma saba kiran talakawan ekklesiya tsarkaka tun suna da rai. Mutumin Sanyinna mai yiwuwa ba zai taɓa buɗe Littafinmu ba, ba zai shiga majami'a ba. Amma ya san ko malamin nan Kirista yana zuwa aji a kan lokaci. Ya san ko mai kantin magani yana sayar da na jabu. Ya san ko ma'aikaciyar asibiti tana yi wa matar ƙauye tsawa. Hausawa sun ce hali zanen dutse. Wannan zane ne maƙwabta ke dubawa kowace rana.

A gonakin wannan ƙasa akwai itacen gawo. Da damina, sa'ad da kowane itace ya yi ganye, shi sai ya kaɗe nasa, ya bar gero ya sami rana. Da rani kuwa, kome ya bushe, sai ya yi kore, dabbobi su sami inuwa da abinci. Manomi ba ya sare shi, don ya san amfaninsa. Allah ya sa 'yan'uwanmu da ke can su zama haka ga garuruwan da suke zaune. Iri kuwa yana tsira a kan lokacinsa. A 2023 aka yanka dayosis ɗin Katsina daga na Sakkwato, aka naɗa Gerald Mamman Musa, Bahaushe ɗan Jihar Katsina, bishop nata na fari.

Iyaye, ko'ina kuke, ku fita da 'ya'yanku bakin rijiya da masussuka da kasuwa, ku buɗe musu Littafi a can. Ku bayyana musu kowane hoto da ke ɗakinku, don su iya amsawa da ladabi ran da aka tambaye su. In an tura ɗanku ko 'yarku hidimar ƙasa a irin wannan yanki, ku sa Littafi Mai Tsarki na Hausa cikin kayansa, ku koya masa gaisuwa da girmama manya. A sujadar iyali ta wannan wata kuma, ku ambaci Sanyinna da Tambuwal da Kebbe da sunansu, ku roƙa wa sarakunansu da manomansu da makiyayansu zaman lafiya, ku roƙa wa 'yan'uwa kaɗan da ke can haƙuri da ƙarfin zuciya.

Ubangiji ya sāke siffarsa a cikinmu, domin wanda ya dube mu ya ga alherinsa. Amin.